Katin rigakafin damina tsakanin ƙasar Daura da Matamaye: rajistar aikin 2025

Asabar, 10 ga Mayu

Yau muka yi zaman farko a zauren dagaci: ni da shugabar mata masu raba magani ta mazaɓarmu, sai majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na asibitin da ke tsallaken iyaka a Nijar, da mataimakinsa. Zaure muka zaɓa don ba wanda ke da takardar shiga ofishin wani. Abin da muka sa a gaba ba shi da yawa. Muna so yaron da ya sha maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina a ƙauyukanmu a san ya sha idan ya tsallaka Nijar, wanda ya sha a can mu ma mu sani. Zan riƙa rubuta yadda ake ciki a nan saboda abokan aiki na Jibiya da Illela da Maigatari, don abin da ke damunmu shi ke damunsu.

Ga wanda bai san aikin ba: tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yaran Sahel, daga ɗan wata 3 zuwa ɗan wata 59, magani biyu a haɗe duk wata a lokacin damina, wato sulfadoxine-pyrimethamine da amodiaquine, SPAQ a bakin ma'aikata. Ranar farko yaro zai sha a gaban mai rabo, na kwana biyun da ke biye a bar wa uwa. Kariyar kan kai kwana 28, sai a sake zagayowa, daga Yuli zuwa Oktoba. An fara a jihar Katsina a 2013, a shekarar kuma aka fara a Magariya da wasu gundumomin kudancin Nijar. Magani ɗaya, yara ɗaya, damina ɗaya, amma namu ranakun daga sama suke zuwa ta Katsina, nasu ta Damagaram, kuma ba mai tambayar wani.

Illar iri biyu ce. Akwai yaron da zai sha a nan, bayan mako uwarsa ta kai shi suna tsallake, ya tarar da masu rabo, a sake ɗura masa, alhali ƙa'ida ta hana a ba wanda ya sha cikin mako huɗu. Akwai kuma wanda zai bar nan kafin mu iso gidansu, ya isa can sun riga sun wuce, ya yi kusan wata biyu a tsakiyar damina babu komai a jikinsa. Majo ya ce na biyun ya fi ba shi tsoro, don shi ake kawo masa da daddare yana jijjiga. Na yarda da shi.

Asabar, 24 ga Mayu

Mun fara da tunanin musayar rajista, mu ba su sunayen yaranmu su ba mu nasu. Bai yi nisa ba. Ba ni da hurumin fitar da sunan ɗan wani zuwa wata ƙasa, shi ma haka, kuma a yanayin da ake ciki tsakanin gwamnatocin biyu ba ma'aikacin da zai sa kansa a wannan rigimar. Muka ajiye.

Shugabar mata ta kawo shawarar tawada, irin wadda masu allurar shan inna ke shafa wa yaro a ƙaramin yatsa. Dabara ce mai kyau a wajensu, don aikinsu na 'yan kwanaki ne. Mu kuwa muna bukatar shaidar da za ta kai wata guda, ga wanka, ga wasan ƙasa, ga lalle da ake sa wa 'yan mata. Ita ma muka ajiye.

Abin da ya rage shi ne katin da ke hannun uwa. Kowane ɓangare na da nasa, namu da Ingilishi, nasu da Faransanci, kuma mai rabon da ke tsaye a ƙofar gida ba ya karanta na wancan. Ba za mu taɓa katin hukuma ba. Za mu buga ɗan ƙaramin kati mai kauri da Hausa, boko a sama ajami a ƙasa, a maƙala shi da na hukuma. Gida huɗu ne a jikinsa, kowane zagaye da gidansa, a rubuta ranar da yaro ya sha na farko da sunan ƙauye. Ba tambarin kowace ƙasa, ba tuta. Mataimakin majo ya yi dariya ya ce ai tun watan Maris sabon kundin mulkinsu ya mai da Hausa harshen ƙasa, saboda haka ba wanda zai ce sun kauce. Wani malamin allo ya karɓi rubutun ajamin, ya kuma gyara mana jimla guda da ya ce mata ba sa faɗin ta haka.

Asabar, 14 ga Yuni

Bayan Sallah muka bi ƙauyuka muna tambayar abu guda: wane yaro ne ke kwana tsallake da damina, kuma me ke kai shi? Na ɗauka kasuwa za ta zo gaba, ganin yadda Mai'aduwa ke cika, amma mai zuwa kasuwa a ranar yake komawa, ba shi ne matsalarmu ba. Masu daɗewa su ne matsalar.

Na farko yaye. Yaro ya kusa shekara biyu, a ɗauke shi a kai wa kaka, kakar kuwa sau da yawa tana wancan ɓangaren, don auratayya a nan ba ta san shingen iyaka na Kwangwalam da Ɗan Barto ba. Yaron da aka raba da nono, yana kuka, ba ya cin abinci sosai, shi ne kuma wanda zazzaɓi ya fi saurin kayarwa, ga shi ba ya cikin lissafin kowa: a gidan ubansa an ce ba ya nan, a gidan kakarsa an ce baƙo ne. Na biyu goyon ciki da wankan jego, mace ta tafi gidan iyayenta da ƙananan yaranta ta yi wata biyu ko fiye. Na uku masu gona a tsallake da ke tarewa can da iyali har a gama noman biyu. Na huɗu Fulani masu hawa arewa da shanu idan shuka ta rufe burtali.

A wani gida wata tsohuwa ta tare ni da tambaya. “Ɗan nan, in jikana ya zo mini daga can, wa zan ce wa? Ku ko su?”

Na ce, “Inna, duk wanda ya fara ƙwanƙwasa ƙofa. Ki nuna masa katin kawai.”

Ta ce to katin a hannun uwarsa zai zauna, ita kuwa uwar ba a barin ta zo wajen yaye. Wannan magana ta sauya mana tsari. Yanzu saƙon da mai shela zai yi shi ne kati ya bi yaro, ba uwa ba, a sa shi cikin ƙullin kayansa. Mun kuma roƙi ungozomomi su riƙa tuna wa mata, don su ke fara sanin wadda za ta tafi gida haihuwa.

Asabar, 28 ga Yuni

Kati ya fito daga wajen mai bugawa. Mun raba gida biyu, rabi ya tsallaka a bayan babur.

Na zauna rubuta takardar neman a daidaita ranakun zagaye, sai na ga ya kamata in san abin da manya suka riga suka sa wa hannu. Ba kaɗan ba ne. Akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da ke Yamai tun 1971. A watan Agustan 2018 ƙasashe takwas suka ƙaddamar da shirin kawar da zazzaɓin cizon sauro daga Sahel a Dakar: Burkina Faso, Cabo Verde, Chadi, Gambiya, Mali, Muritaniya, Nijar da Senegal. Najeriya ba ta ciki, abin da har yanzu ke ɗaure mini kai, ganin iyakarmu da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500 kuma a bakinta jama'ar Nijar suka fi yawa. A Maris na 2024 ministocin lafiya na ƙasashe 11 da cutar ta fi yi wa katutu suka sa hannu a sanarwar Yaounde ta alkawarin rage mace-macen cutar, har da namu da nasu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce cikin mutum 597,000 da cutar ta kashe a 2023, kusan kashi 31 cikin 100 a Najeriya ne, kusan kashi 6 a Nijar. Maƙwabta biyu ke ɗauke da fiye da sulusin gawarwakin cutar a duniya.

Wanda ya fi kama da abin da muke nema shi ne na Senegal da Gambiya. A 2019 suka raba gidan sauro a lokaci guda a ɓangarorin iyakarsu, don kada wani ya karɓa sau biyu wani ya tashi a tutar babu. Ba wata fasaha ba ce, zama aka yi aka tsai da rana. Shi na kafa hujja da shi a takardar.

Ban yaudari kaina ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 an rufe iyakar nan har zuwa Maris na 2024, kuma tun 29 ga Janairun bana Nijar ta fice daga ECOWAS, wadda hukumar lafiyarta ke haɗa irin waɗannan tarurruka. Ministan harkokin wajenmu ya je Yamai a watan Afrilu, aka yi maganar farfaɗo da hukumar haɗin gwiwa, amma kafin wannan ya gangaro kan kalandar rabon magani damina ta wuce. Takardar dai ta tafi. Majo ma ya aika tasa ta hanyarsu.

Laraba, 16 ga Yuli

Jiya aka yi jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a Daura, Allah ya jiƙansa. Hanya ba ta biyuwa, horon masu rabo da muka sa ya koma yau.

Ranakun zagayen farko sun fito, kuma ba su haɗu ba, akwai tazarar fiye da mako tsakaninmu. Amsar takarda ba ta zo ba. Saboda haka a horon muka ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda aka saba yi. Da ma ana tambaya: yaron yana zazzaɓi yau? Yana shan Septrin? Ya taɓa yin ƙuraje ko kumburi bayan shan wannan magani? Yanzu an ƙara: ya kwana tsallake a cikin watan nan? In an ce e, a nemi ƙaramin kati a ƙirga kwanaki. In bai cika 28 ba, kada a ba shi, a rubuta ranar da zai cika, mai rabo na unguwar ya dawo masa. Wannan dawowar ce masu rabo suka yi gunaguni a kai, don kuɗin aikinsu na ranakun zagaye ne kaɗai. Gaskiyarsu ce. Dagaci ya ɗauki nauyin man babur ɗaya, sauran sai haƙuri.

Alhamis, 31 ga Yuli

An gama zagayen farko a ɓangarorin biyu. Na bi ƙungiya ɗaya yini guda don in ga katin a hannun mutane.

A wani gida mai rabo ta zauna a kan tabarma, ta ɓare kwalin 'yan shekara 1 zuwa ƙasa da 5, ta sa ƙwaya a cokali ta ɗiga ruwa, ta jira ta narke. Yarinyar ta sha ta farko lafiya, ta biyun ta tofar da rabi a zanen uwarta, ba da daɗewa ba ta yi amai. Aka dakata, aka ba ta nono ta huce, aka sake ba ta sau ɗaya kamar yadda ƙa'ida ta ce in aman ya zo cikin rabin awa. Muna shirin tashi sai kishiyar ta fito da wani yaro ta ce ɗan ƙanwarta ne, shekaranjiya aka kawo shi yaye. Mai rabo ta riga ta kai hannu jaka, sai ta tsaya ta tambayi kati. Aka kwance ƙullin kayansa, ga shi nan a naɗe cikin leda tare da laya, da rubutun mataimakin majo a gidan farko. Kwanansa bai kai ba. Ba a ba shi ba. Matar ta ɗan ɓata rai, a ganinta an yi wa baƙo rowa, sai da shugabar mata ta zauna ta yi mata bayani. A bangon zaure aka yi alamar alli, a gefe aka rubuta ranar da za a dawo.

Ba ko'ina aka yi dace haka ba. Gidaje da yawa kati ya tsaya a hannun uwa, wasu ruwa ya jiƙa shi tawada ta narke. Zagaye na gaba da biro za a rubuta, kowane kati kuma da 'yar ledarsa.

Talata, 12 ga Agusta

Malka ta sauka. Rafin da ke tsakaninmu ya kawo, babur ba ya wucewa. Da saƙon murya na WhatsApp muke magana da majo, kowa ya hau tudu ya nemi sabis. Kududdufai sun cika har bakin gidaje, sauro da rana ma cizo yake.

Asabar, 30 ga Agusta

Wannan makon ya nuna mana abin da katin ba zai iya ba. An kawo mana yaro daga wani ƙauye namu da ke can ƙurya, jiki zafi rau, ido ya yi fari, ba ya iya zama. Gwajin yatsa ya nuna zazzaɓin cizon sauro, kuma ya wuce na ƙwaya, sai allura da ƙarin jini. Daga ƙauyensu asibitin tsallake ya fi kusa nesa ba kusa ba, kuma can suka saba zuwa, musamman da yake tun 2006 Nijar ta sa dokar duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Na ba shi taimakon farko, na rubuta abin da na ba shi da lokacin a bayan ƙaramin katin da Hausa, na kira majo. Ya ce a taho. Da ba wannan rubutun, da sun fara daga farko ba su san me ke jikinsa ba. Yaron ya tashi, alhamdu lillahi.

Uban ya dawo yana yi mini godiya, yana kuma kuka da canji. “Malam, naira ba ta da daraja a can. Abincin jinya kaɗai ya cinye mini akuya.” Ta wancan gefen kuma, faɗuwar nairar ce ke sa mutanensu tsallakowa su sayi magani a kemis ɗinmu da araha, ba gwaji, wani lokaci rabin kwali, a sha kwana ɗaya jiki ya yi sanyi a ajiye saura. Wannan ya fi ƙarfin ni da majo, amma mun yi magana da masu kemis na kusa su daina raba kwali.

Mun yanke shawarar bayan katin ya zama wurin rubuta turawa asibiti: me aka gani, me aka bayar, ƙarfe nawa. Bugu na gaba zai fito da layukan.

Asabar, 20 ga Satumba

Zagaye na uku ya wuce. Tazarar da ke tsakaninmu ta ɗan ragu, ba don wani ya daidaita ba, ruwa ne ya jinkirta ɓangare ɗaya.

Fulani ne har yanzu ba mu samu yadda muke so ba. Arɗo ya karɓe mu da kyau, ya ce, “Ranka ya daɗe, yaran suna mashekari, mashekarin kuwa yau nan gobe can.” Waɗanda suka sha na farko a wajenmu sun yi arewa, sun wuce yankin majo gaba ɗaya, inda ba wanda ya san katinmu. Sai kaka za su gangaro. Abin da muka iya shi ne ba arɗo lambar mai rabo guda a kowane ɓangare.

Wani abu da ya fito a lissafi: a takarda wasu ƙauyukan bakin iyaka sun ba yara fiye da yawan da aka ce suna da shi, wasu kuma sun gaza sosai. A ofis za a yaba wa na farko a tuhumi na biyu, alhali yaran ne suka tsallaka. Ƙasashen biyu duk da manhajar DHIS2 suke tattara alƙaluman lafiya, amma fom ɗin da muke cikewa ba shi da gurbin yaron da ya zo daga wata ƙasa. Na fara rubuta su a gefen takarda da jan biro, majo ma haka, mu ga ko wani zai tambaya.

Maganar allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ma ta fara zuwa kunnen mata. Nijar ta ƙaddamar da tata a Gaya a Satumban 2024 da nau'in allurar da ake kira RTS,S, Najeriya ta fara a Disamba a jihohin Kebbi da Bayelsa da wani nau'in mai suna R21. Gaya da Kamba maƙwabtan juna ne, ke nan abokan aikinmu na can sun riga mu shiga wannan tambaya: yaron da ya karɓi allurar farko a nan, ta biyu a can, wa ke riƙe da lissafinsa? In allurar ta iso nan, katin da ba ya tsallaka iyaka zai fi ba mu wahala fiye da yanzu.

Asabar, 8 ga Nuwamba

An gama zagaye na huɗu, an yi girbi, amma asibiti bai huce ba tukuna, har yanzu ana kawo masu zazzaɓi, yawancinsu yaran da suka haura shekara 5 waɗanda rabon bai shafa ba. Tsofaffi na cewa tumu ne ke kawo shi. Na daina musu da su, ina dai roƙon a kwana cikin gidan sauro har sanyi ya kankama.

Mun sake zama a zauren dagaci. Katunan da muka iya tattarowa mun baje su a tabarma muka ware: masu gida huɗu cike, masu giɓi, da masu rubutun hannu biyu, nawa da na tsallake. Na ukun ba su kai yadda na so ba, amma akwai su, kuma yawancinsu 'yan yaye ne. Masu giɓi kuwa a zagayen Agusta giɓin ya fi yawa, lokacin da rafi ya raba mu.

Takardun da muka aika a watan Yuni ba a amsa ba. Za mu sake aikawa a Janairu, kafin a zauna tsara ranakun baɗi, wannan karon da sa hannun hakimi da na sarkin da ke wancan ɓangaren, tare da hoton katunan masu rubutu biyu bayan mun rufe sunayen yara. Wani abokin aiki daga wajen Maigatari ya nemi samfurin katin, na tura masa. Saura kuɗin bugu na biyu, da nemo wanda zai bi rugage idan Fulani sun sauko, da ajiye kwalayen magani a ƙauyukan bayan rafi tun kafin malka, in an ba mu izini. Majo ya ce ana raɗe-raɗin za a yi masa canjin wurin aiki, don haka mako mai zuwa zan tsallaka in zauna da mataimakinsa mu rubuta tsarin gaba ɗaya a littafi guda.